Ranar da na cire yayanku daga zaure

Ku biyar ɗin da kuka rage kusa da ni, babu wanda bai taɓa tambayata abin da ya shiga tsakanina da babban yayanku ba, kuma kowa na ba shi amsar da ta zo bakina a ranar. Bilkisu na ce mata neman abinci ne ya kai shi Nijar. Nura na ce masa halinsa ne, dama tun yana ƙarami ba ya zama wuri ɗaya. Ina ganin yadda kuke satar kallon juna idan na faɗi haka. Kun san ba ita ce maganar ba, tarbiyya ce ta hana ku ce mini ƙarya nake yi. To yau zan rubuta muku ita yadda take, tunda idona ya fara gajiya da takarda, kuma ban san iya lokacin da hannun nan zai ci gaba da riƙe biro ba. Ni na kore shi, da ɗan yatsana guda, bayan sallar azahar, ina zaune a kan tabarmar nan ta ƙofar ɗakina.

Sai na koma baya kaɗan kafin ku gane. A Roni na haife shi, a ɗakin Inna mahaifiyata, don can aka kai ni wankan gida kamar kowace mai haihuwar fari. Gidanmu gidan kunya ne. Kakarmu Bafulatana ce, ita ta kafa dokar kuma ba wanda ya isa ya karya. Ɗan fari ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a nuna an damu da kukansa, sunansa kuwa ko da kuskure ba ya fita daga bakin uwa. Idan zan ba shi nono sai na juya fuskata bango. Da aka yaye shi Inna ta zo Kazaure ta goya shi ta tafi, ni kuma na tsaya ina shara kamar ban ga fitarsu ba, mata suna ta yabona wai yarinyar nan akwai alkunya. Na ji daɗin yabon, ba zan ɓoye muku ba. Na riƙa ce masa Ɗan Inna, shi kuma da ya yi baki sai ya riƙa ce mini Malama, yadda 'yan makarantar da nake koyarwa suke ce mini. Bai dawo gidanmu ba sai da Inna ta rasu, lokacin ya fara tsawo, kuma daga ranar har ya yi aure maganar da ke tsakaninmu ba ta wuce ina kwana da ina wuni ba. Idan ina son ya yi wani abu, ko yana tsaye a gabana, ɗayanku nake kira in ce a gaya wa yayanku.

Halinsa kun san shi. Zai fara abu goma kafin hantsi, la'asar ta yi bai gama ko ɗaya ba. Ya taɓa kwance rediyon mahaifinku don ya ga mai magana a ciki, ya bar kayan a baje ya tafi kallon masu gyaran keke. Dukan da ya sha a kan irin wannan ba ya ƙirguwa. Da ya girma ya koyi gyaran inji, na niƙa da na ban ruwa, kuma duk wanda ya san sana'ar ya ce yaron nan yana da hannu. Amma masu inji sukan gaji da jira su zo su kwashe kayansu a buhu, domin da zarar ya buɗe ya gano ciwon, sha'awar ta mutu. Wasu suka ce rawar kai ce, wasu suka ce lalaci, wasu suka ce iskokai. Mahaifinku, Allah ya jiƙansa, yakan dube ni idan abin ya ishe shi.

"Malama, ni ban san inda yaron nan ya ɗauko wannan hali ba."

Alhali ni na san inda ya ɗauko. Ku da kuka tashi a gidan nan kun san tukwane nawa na ƙona. Kun san sau nawa na je kasuwa sayen manja na dawo da tsintsiya da labarin wata mata. Shekara talatin da wani abu ina koyarwa, makullin aji bai taɓa yin mako a hannuna bai ɓata ba. Bambancina da shi, ni na iya ɓoyewa. Na cika bangon ɗakina da takardun tuni, na ɗaure makulli a haɓar zani, na zama mafaɗaciya don kada a lura ni ce mai mantuwar gidan. Duk lokacin da ake dukansa ina jin abin a jikina, amma ban taɓa ɗaga labule na fito ba.

Matarsa Rakiya ce ta matsa masa, bayan ya haura arba'in, ya je Kano ya ga likitan ƙwaƙwalwa. Ya dawo da takarda da magani da sunan abin, haruffa huɗu na Turanci, ADHD. Bai kawo mini takardar da kansa ba, Bilkisu ya ba. Ita ta zauna ta maimaita mini bayanin likita. Wai ba hauka ba ne, ba lalaci ba ne, ba kuma rashin tarbiyya ba. Ƙwaƙwalwa ce da ba ta iya tsayar da hankali wuri guda sai a kan abin da ya ja ta, tana mantuwa, tana yanke hukunci kafin tunani, kuma 'yar tsawar da wani zai share ita sai ta daɗe tana yi mata zafi. Wai kuma ana gadonsa. Bilkisu tana faɗa tana kallon ƙonanniyar tukunyar da na jiƙa a bakin famfo.

"Umma, ko dai ke ma za ki je ki ga likitan nan?"

"Tashi ki ba ni wuri," na ce mata.

Amma bayan wata biyu na hau motar Kano ni kaɗai, kuma abin da aka gaya masa shi aka gaya mini.

A can asibitin aka haɗa yayanku da Madam Rifkatu, wata nas 'yar kudancin Kaduna da ta daɗe tana aiki a nan Kazaure har Hausarta ta koma tamu. Ita ma tana da lalurar. Ita ta buɗe zaure a waya, abin da kuke ce wa guruf, don masu irin wannan hali na yankinmu. Akwai na Kazaure, akwai na Babura da Gwiwa da 'Yankwashi, tela da malamin makaranta da mai sayar da hatsi da matan aure, mu wajen arba'in. Wata safiya na ga wayata ta nuna an saka ni a ciki, kuma lambar da ta saka ni ita ce wadda na ajiye da sunan Ɗan Inna. Ashe Bilkisu ta ga katin asibiti a jakata ta kai masa labari, dama bakinta ba ya riƙe magana. Bai ce mini komai ba, ni ma ban ce masa ba.

A zauren nan na fara jin muryar ɗana. Ina so ku tsaya a kan wannan maganar. Shekara arba'in da 'yan kai ban taɓa jin ya yi magana ta minti biyu a jere ba, sai ga shi yana tura saƙon murya mai minti biyar, mai minti bakwai, yana dariya, yana ɗauko labari ya bar shi a tsakiya ya kama wani. Ashe mai barkwanci ne. Ashe yana tsoron kare. Ashe ranar da aka binne Inna, shi a cikin rumbu ya ɓuya ya wuni. Nakan shiga ɗaki in tura ƙofa, in kara wayar a kunne, in saurara, in mai da baya in sake. Ya san ina ciki, na san ya sani. Idan na yi magana a zauren nakan ce 'yan uwa, amma rabin maganar da shi nake. Idan na ce kowa ya tuna ya sha maganinsa, shi ne yakan fara amsawa, "An sha, Malama." Wannan ita ce duk hirar da na yi da ɗan farina a duniya, kuma ta yi shekara ɗaya da 'yan watanni.

Da zauren ya cika sai rigima ta fara, don tara mutum arba'in masu katse wa juna magana ba ƙaramin aiki ba ne. Madam Rifkatu ta ce tana neman mai taya ta kula da zaure, wato admin. Yayanku ne ya yi caraf.

"A ba Malama. Ita ce babba a cikinmu, kuma ta saba da aji mai surutu."

Aka yi dariya, aka ba ni. Ni da Madam muka zauna a tsakar gidan nan muka tsara dokoki, ba mu yi su da yawa ba don mun san mutanenmu ba sa karanta abu mai tsawo. Babbar cikinsu ni na kawo ta, ni kuma na karanta ta da muryata kowa ya ji. Na ce duk wanda ke cikin zauren nan ya sha tsawa a gaban jama'a tun yana yaro, a gida da makaranta da wurin aiki, saboda haka a nan ba za a tsawata wa kowa a bainar jama'a ba. Wanda ya yi kuskure, admin za ta kira shi ta gefe, ta kira sunansa, ta fara jin ta bakinsa. Kuma ba a cire kowa sai an yi magana da shi baki da baki. Madam ta ƙara da cewa ita cirewar nan wayar da kanta take shelanta ta, ta rubuta wance ta cire wane kowa ya gani, kuma ga irinmu wannan ɗan rubutun ya fi duka zafi. Na ce mata na sani.

Na kuwa iya aikin, ba yabon kai ba. Akwai wata matar aure a Gwiwa da ta riƙa turo tallan turare sau goma a rana. Na kira ta muka yi hira, ashe ba ta ma lura tana maimaitawa ba, muka ware mata ranar Asabar. Akwai tela a 'Yankwashi da ya zagi wani cikin fushi, kafin in gama sallama ya riga ya fara ba da haƙuri. Na gane idan ka kira mutum da sunansa cikin taushin murya, rabin rigimar ta mutu. Kusan kowa na kira a zauren nan, wasu har sau uku. Mutum ɗaya ne ban taɓa kira ba, kuma ban taɓa zama na tambayi kaina yadda zan yi ranar da layi ya zo kansa ba.

Muna da wata al'ada da ta fi komai amfani. Da safe kowa zai faɗi abu ɗaya da yake son yi a ranar, ya ce na fara. Idan ya kammala ya dawo ya ce na gama, sauran su yi masa barka. Abin kamar wasan yara, amma da shi telan nan ya fara gama ɗinkin sallah kafin sallah. A daminar shekarar, wasu manoman rani na bakin dam suka kawo wa yayanku wani tsohon injin ban ruwa babba da kowa ya ce ya mutu. Suka yi masa alkawari idan ya tashe shi kafin ruwa ya ɗauke, duk injinansu shi zai riƙa gyarawa. Kullum da safe sai mu ji, "Na fara." Da yamma ba ya cewa na gama, sai dai ya ce, "Ban gudu ba, gobe ma ina nan." Mako shida yana haka. Rakiya ta gaya wa Bilkisu tunda ta aure shi ba ta taɓa ganin ya koma kan abu ɗaya kwana uku a jere ba.

Ranar da abin ya faru, da sassafe, Alhaji Sa'idu na Babura, mai sayar da hatsin nan, ya sanar a zaure cewa ƙaninsa ya rasu a hatsarin mota, za a yi jana'iza da hantsi. Zaure ya koma gidan makoki, wannan ya yi addu'a, wancan ya yi ta'aziyya. Ana cikin haka, bayan azahar, sai ga saƙonnin yayanku suna shigowa ɗaya bayan ɗaya har goma sha ɗaya. Na buɗe na farko. Ƙarar inji ce, da ihun mutane, da dariyarsa har yana shaƙewa, ko sallama babu. Tun kafin in rufe na san abin da ya faru, bai duba saƙonnin da ke sama ba. Babu ɗayanmu da yake dubawa idan magana ta cika masa ciki, ni kaina na taɓa turo barka da haihuwa a ƙarƙashin labarin gobara. Kuskure ne irin namu, wanda kira ɗaya yake gyarawa. Sai Alhaji Sa'idu ya turo murya, yana kuka yana faɗa.

"Yanzu na dawo daga maƙabarta, ƙasa ba ta fita daga hannuna ba, ana yi mini dariya a ka! Da ɗan wani ne da tuni an yi magana. Amma tunda ɗan Malama ne shi ke nan, mu ne marasa gata."

Wasu suka fara mara masa baya. Na kira Madam Rifkatu, ba ta ɗauka ba, tana bakin aiki. Na fito da lambar Ɗan Inna na zuba mata ido. Abin da doka ta ce mai sauƙi ne, in kira shi, in kira sunansa, in ji ta bakinsa. Na ɗora yatsa a wurin kira na ɗauke, na sake ɗorawa na ɗauke. Me zan ce idan ya ɗauka? Da wane suna zan fara? Bakina bai san hanyar ba. Ga kuma maganar Alhaji tana cina, domin a tarbiyyar da aka yi mini babu abin kunya kamar a ce uwa ta tsaya wa ɗan farinta a gaban mutane. Na ji kamar Inna da kakarmu suna tsaye a kaina suna jiran su ga abin da zan yi. Da na kira Bilkisu na aike ta, yadda na saba shekara da shekaru, da an wuce wurin. Amma wayar tana ta ƙara a hannuna, saƙo a kan saƙo, kuma kun ji abin da likita ya ce game da masu yanke hukunci kafin tunani. Na shiga jerin sunaye, na danna nasa, na danna cirewa. Duka abin bai kai minti ɗaya ba. Wayar ta rubuta wa mutum arba'in cewa na cire shi.

Abin da zan faɗa yanzu shi ya fi yi mini nauyi. Na ji sanyi a raina. Zaure ya lafa, wani ya rubuta Allah ya saka wa Malama, ba ta da son kai. Na karanta na ji daɗi, irin daɗin da na ji ranar da Inna ta goya shi ta fita ina shara.

Da la'asar sakaliya Madam Rifkatu ta sauka daga acaba a ƙofar gida da kayan aiki a jikinta. Ba ta zauna ba, gaisuwar ma a tsaye ta yi, abin da ba ta taɓa yi mini ba.

"Mama, kin kira shi?"

"Ban kira ba."

"Kin saurari saƙonnin har ƙarshe?"

"Na farko kawai."

"To ki ji na goma sha ɗaya."

Ta kunna a wayarta. An kashe injin, muryarsa ta sauka, yana haki. Na haddace maganar, don tun daga ranar ban san sau nawa na saurare ta ba.

"'Yan uwa, na gama. Wallahi na gama. Tunda nake a duniya yau ne na fara abu na kai shi ƙarshe da hannuna. Na gode muku duka. Kuma ina so Malama ta ji. Ba sai ta ce komai ba, na san ba za ta ce ba. Ta ji kawai."

Madam ta kashe ta dube ni, idonta ya kawo ruwa.

"Mama, ke kika kawo dokar nan. Tela mai zagi kin kira shi. Shi wannan me ya yi miki?"

Amsar da nake da ita ita ce shi na fara haifa, kuma ko a lokacin na san wannan ba amsa ba ce.

Nan take ta mai da shi zaure. Bai yi minti biyar ba ya fita da kansa. Ta kira shi ta gaya masa rasuwar, washegari ya hau babur har Babura, ya durƙusa ya yi wa Alhaji Sa'idu ta'aziyya ya ba shi haƙuri. Alhajin ma ya ce baƙin ciki ne ya sa shi faɗin abin da ya faɗa, ya roƙe shi ya dawo zaure, amma bai dawo ba. Kowa ya gyara nasa, sai ni. Ranar Juma'a ya zo gaisuwa kamar yadda ya saba, ya tsuguna a bakin ƙofa kansa a ƙasa. Na shirya maganar da zan faɗa, har na rubuta ta a takarda na sa a ƙarƙashin tabarma don kada in manta.

"Ina wuni, Malama."

"Lafiya lau. Ya iyali?"

"Lafiya lau."

Ya ɗan jira. Na rantse muku ya jira, ya daɗe a tsugune fiye da kullum. Takardar tana nan ƙarƙashina ina jin ta. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "A gaida su Rakiya." Ya ce za su ji, ya tashi ya sa takalmi. Juma'a bakwai ya ƙara zuwa bayan wannan, duk bakwai ɗin haka muka yi, daga nan ya fara tsallakewa.

Sauran kun gani da idonku, tushen ne ba ku sani ba. Zauren ne yake tuna masa magani, zauren ne yake tuna masa ranar komawa Kano. Ya tsallake ɗaya, ya tsallake biyu, kunya ta hana shi komawa. Manoman suka cika alkawari suka kawo masa injina, ya buɗe su duka ya bar su a baje, ba wanda zai ce wa na fara. Kafin rani ya yi nisa sun zo da buhuna sun kwashe. Wata rana da tsakar rana Rakiya ta zo nan, ta durƙusa tana murza bakin mayafinta.

"Umma, ni ba ƙara na kawo ba. Amma ya ce mini da wani ne ya cire shi, da dariya zai yi ya koma. Ya ce dama ya san a gida ba shi da wuri, ya ɗauka a can yana da shi."

Na ce mata ta yi haƙuri, ta ci gaba da addu'a. Abin da na iya ce mata ke nan, ni da na shekara ina sasanta mutanen da ko fuskarsu ban taɓa gani ba. Ba a jima ba ya bi wani mai mota ya tsallaka Nijar, wai can ana neman masu gyaran inji. Rakiya ta koma gidansu da yaran. Da farko yakan aiko da gaisuwa ta bakin direbobi, wani ya ce ya gan shi a Magarya, wani ya ce ya yi gaba. Daga baya lambarsa ta daina shiga.

Ba na so ku ɗora wa Inna laifi, ko kakarmu. Abin da suka tarar suka yi, kuma Inna ta ba shi son da ni na hana shi. Ba na so kuma ku ce lalura ce ta danna mini yatsa. Ta taimaka a wancan mintin, amma Juma'a takwas ba minti ɗaya ba ne. Na so in sauka daga kula da zauren, Madam ta hana, wai wanda ya san zafin abin shi ya fi dacewa ya riƙe. Ina nan ina riƙe, kuma ban sake cire kowa ba. Sababbin shiga suna yabona, suna cewa ba su taɓa ganin zaure mai mutunta mutane kamar namu ba, ni kuma duk yabon nan ɗaci yake yi mini. Ba su san an taɓa yin wani a ciki mai cewa ban gudu ba. Har yau ina cewa kowa ya tuna ya sha maganinsa, mutum goma su amsa, in ajiye wayar in zauna.

Bara da azumi, da rana, na tura ƙofar ɗaki na buɗe lambarsa, na danna wurin ɗaukar murya. Sau huɗu ina gogewa. A na biyar bakina ya yarda. Ga abin da na ce, na rubuta muku shi a nan saboda waya tana lalacewa, ni ma haka.

"Shu'aibu. Ni ce. Na ji ka gama. Sannu da aiki, Shu'aibu."

Na tura. 'Yar alamar nan ta fito guda ɗaya, mai nuna saƙo ya fita daga wajena amma bai isa ba. Nura ya ce mini layin ya mutu tuntuni, in daina wahalar da idona, kuma na san gaskiya ya faɗa. Idan ɗayanku ya riga ni ganinsa, ko ya gan shi bayan ba ni, kada ku tsaya yi masa dogon bayani, ba zai iya saurara har ƙarshe ba, ni na san mu. Ku karanta masa layin nan kawai, ku ce da bakina na faɗa. Kullum da safe kafin in shiga zaure can nake fara dubawa. Yau ma na duba, alamar tana nan guda ɗaya.